Kolukattai, Curin Shinkafar Matan Tamil

A can ƙarshen kudancin ƙasar Indiya, daura da tsibirin Sri Lanka, akwai jihar da ake kira Tamil Nadu, wadda babban birninta shi ne Chennai, birnin da har zuwa 1996 duniya ta san shi da sunan Madras. Ƙidayar jama'a ta 2011 ta sami mutum fiye da miliyan 72 a cikinta, kuma in an ɗebe harshensu na Tamil, babu abin da ya game mafi yawansu kamar shinkafa. Kogin Kaveri, kafin ya faɗa teku, yakan rarrabu reshe reshe a yankin Thanjavur ya shayar da fadamun da suke rumbun jihar, kuma madatsar ruwan Kallanai, wadda masu tarihi ke danganta gininta ga Sarki Karikala na daular Chola wajen ƙarni na 2 Miladiyya, har yau tana karkatar da ruwa zuwa gonaki. Al'ummar da ta daɗe haka tana noman hatsi guda, ba abin mamaki ba ne idan matanta suka san hanyoyin sarrafa shi da yawa, har ya zama a dafa shi, a niƙa shi, a tsima shi, a toya shi, a turara shi, kowanne da sunansa da lokacin cinsa.

Wanda ya taɓa shiga gidan abincin Indiyawa mai yiwuwa ya ji sunan idli da dosa, domin su ne suka fita kasuwa suka yi suna. Amma akwai wani abinci da ya fi zama a cikin gida, a hannun iyaye mata da kakanni, ana kiransa kolukattai, wato curin garin shinkafa da ake turarawa a kan tururin ruwa. Iri biyu ne a asali. Akwai mai zaƙi, wanda ake cusa wa kwakwa da mazarƙwaila a ciki, shi ne kuwa abincin bikin Vinayaka Chaturthi da mabiya addinin Hindu ke yi galibi a watan Avani na kalandarsu, tsakanin tsakiyar Agusta da tsakiyar Satumba. Akwai kuma mai gishiri da yaji, wanda ake sa wa wake ko kayan lambu, kuma a kansa ne maganarmu za ta tsaya, saboda shi ne ake iya yi kowace rana, kuma a wurinsa ne gwanintar mai girki take fitowa fili, tun da babu zaƙin da zai rufa mata asiri.

Mas'alar da ke gaban mai yin kolukattai guda ɗaya ce, sauran duka rassanta ne: garin shinkafa ba shi da danƙo. Garin alkama, da zarar ya sha ruwa aka murza shi, sai ya riƙe kansa, a ja shi ya miƙe, a naɗe shi ya naɗu, saboda wani sinadari mai yauƙi da Allah ya halitta a cikin ƙwayar alkama bai sa shi a cikin shinkafa ba. Garin shinkafa kuwa in aka kwaɓa shi da ruwan sanyi, ko dai ya wargaje a hannu, ko ya zama ruwa ruwa, babu matsakaici. Dabarar da matan Tamil suka gada ita ce a dafa garin tukuna kafin a siffanta shi, domin zafin tafasasshen ruwa yakan sa ƙwayoyin garin su kumbura su manne wa juna, ta haka sai a sami kwaɓi mai laushi wanda zai yarda a faɗaɗa shi kamar ƙoƙo ba tare da ya tsage ba. Ashe ke nan abincin nan sau biyu yake ganin wuta, na farko don ya sami jiki, na biyu don ya nuna, kuma wadda ta yi sakaci a wutar farko babu abin da ta biyu za ta gyara mata.

Shinkafar ma ba kowace ba ce. Tamilawa sun raba shinkafa gida biyu: pacharisi, wadda aka sussuka aka casa ba tare da an gumama ta ba, da puzhungal arisi, wadda aka gumama da ƙaiƙayinta aka shanya kafin a casa. Ta biyun ita ce ta idli da dafawar yau da kullum a gidaje da yawa. Ta farkon ita aka fi so a kolukattai, musamman na biki. Bisa tsohuwar al'ada akan wanke ta a jiƙa kamar sa'a ɗaya ko biyu, a tsame, a baza a kan farin ƙyalle a inuwa har ta sha iska amma da sauran damshi a jikinta, sa'an nan a daka ko a kai niƙa, a tankaɗe da lallausar rariya, a ɗan soya garin sama sama a busasshen kasko ba tare da an bari ya canza launi ba. Yanzu kantuna suna sayar da garin a leda, shiryayye, kuma mata masu aikin ofis a Chennai sun rungume shi. Ban ga laifinsu ba, domin yana fid da mutum kunya. Sai dai garin da aka daka da damshinsa ya fi laushi a baki, kuma wannan ba batun son tsohon abu ba ne kawai, jiƙon ne yake tausasa ƙwayar ta niƙu lukui.

To, ga yadda ake haɗa kwaɓin. Uwargida takan ɗora tukunya mai kaurin gindi, ta zuba ruwa, ta sa gishiri da ƙaramin cokali na man riɗi, wanda shi ne man girkin Tamilawa na asali. Idan ruwan ya tafasa sai ta rage wuta ta zazzaga garin, tana tuƙawa da sauri da cokalin katako don kada ya yi gudaji, kuma cikin ɗan lokaci kaɗan sai garin ya shanye ruwan ya haɗe wuri ɗaya ya saki gefen tukunya. Nan take za ta sauke, ta rufe ya ɗan huce, sa'an nan ta shafa mai a tafin hannu ta murza shi tun da ɗuminsa har ya yi sumul, ta lulluɓe shi da jiƙaƙƙen ƙyalle, ta riƙa gutsura kaɗan kaɗan daga ƙarƙashin ƙyallen, domin iska ce babbar abokiyar gabarsa: da ta buge shi sai ya bushe ya fara tsagewa. Game da gwargwadon ruwa akwai saɓani tsakanin gwanaye wanda ba a taɓa samun ijma'i a kansa ba. Wasu suna cewa kofin gari da kofin ruwa, wasu suna kai ruwan kofi ɗaya da rabi, kuma kowane ɓangare yana da hujja, domin sabuwar shinkafa ba ta shan ruwa kamar tsohuwa, soyayyen gari kuma ya fi ɗanye ƙishirwa. Saboda haka mace mai lura takan ajiye ruwan zafi a gefe, in ta ga kwaɓin ya yi tauri ta yayyafa, in ya yi ruwa ta mai da shi kan wuta.

Ɗanɗano kuwa daga wani aiki yake zuwa wanda suke kira thalippu, kuma da wuya a sami girkin Tamilawa mai gishiri da babu shi. Akan zuba mai kaɗan a ƙaramin kasko, idan ya yi zafi a watsa ƙwayar hardal, ƙananan baƙaƙen 'ya'yan nan, a saurara har su fara fashewa suna tsalle, domin in ba su fashe ba ɗaci za su bayar maimakon ƙamshi. Daga nan sai a sa ɓarzajjen ulundu, wani ƙaramin wake mai baƙin ɓawo da farin ciki, a bar shi ya yi ja. A kakkarya busasshen barkono a jefa. A sa ganyen kariveppilai mai ƙamshi, wanda kan yi ƙara da zarar ya taɓa mai. A ƙare da ɗan mitsitsin perungayam, wani ƙaro mai ƙarfin wari da ake samu daga saiwar wata shuka ta ƙasashen Afganistan da Iran, wanda ɗanyensa ba ya shaƙuwa amma in ya shiga mai sai ya koma kamar albasa da tafarnuwa a haɗe. Dukan aikin nan bai wuce minti ɗaya zuwa biyu ba, kuma jerin yana da hikima, domin kowane abu an sa shi daidai da daɗewar da zai iya yi a wuta bai ƙone ba.

A cikin wannan man ake juya kayan lambu: gurzajjen karas, da kabeji da koren wake da aka yayyanka ƙanana ƙwarai, da citta ɗanya, da ɗanyen barkono, a ƙarshe a barbaɗa gurzajjiyar kwakwa. Sharaɗi ne a bar su su tsane sarai, saboda ruwan da ya rage a cikinsu zai fito a cikin tururi ya jiƙa curin daga ciki ya ɓarke shi. Karas da kabeji dai baƙi ne a wannan girki, yawancinsu daga duwatsun Nilgiri masu sanyi ake kawo su, wajen garin Ooty. Barkonon kansa bai iso Indiya ba sai bayan zuwan Turawan Fotugal a 1498, kafin nan masoro ne yajin ƙasar. Tsohon haɗin shi ne na ulundu, wanda ake jiƙawa a markaɗa shi da gishiri da barkono, a turara shi, a marmasa, sa'an nan a juya shi a cikin thalippu. Wasu gidaje kuma ganye suke sawa, cikinsu har da ganyen murungai, wanda ba wani abu ba ne illa zogale, itacen da asalinsa na ƙasar Indiya ne. Bahaushiyar da ta saba turara dambun shinkafa da zogale a madambaci, in ta shiga madafar Batamila a wannan lokaci, hancinta zai gane rabin abin da ake yi tun ba a yi mata bayani ba.

Siffantawa iri iri ce. Mai cushe ita ce mafi wuya: a gutsuri kwaɓi kamar girman lemon tsami, a mulmula, a sa babban yatsa a tsakiya ana juyawa ana matsa gefe har ya zama ɗan ƙoƙo mai siririn baki, a zuba cokali guda na haɗin, a ninka shi kamar rabin wata a manne bakin. A gidaje da yawa mai zaƙi akan tattare bakinsa sama ya yi tsini, mai gishiri kuma a ninka shi, don mai ci ya bambanta su tun bai gatsa ba. Akwai 'yan mazubai na roba ko na ƙarfe da ake sayarwa don wannan aiki, suna fitar da curi mai kyan gani, amma bangonsa yakan yi kauri.

Mafi sauƙi, kuma wanda ni na fi ganin ƙimarsa, shi ne pidi kolukattai. Shi ba a cusa masa kome. Tsakin shinkafa ake amfani da shi maimakon gari, a yi thalippu a cikin tukunyar kanta, a zuba kayan lambu da kwakwa, a ƙara ruwa kamar ninki biyu na tsakin ko fiye kaɗan, idan ya tafasa a zuba tsakin a tuƙa har ya shanye. In ya huce sai mace ta ɗebi cikin hannu ta damƙe sau ɗaya, ta buɗe, curin ya fito dogo da shatin yatsunta huɗu a jikinsa, haka za a jera shi a turara, haka kuma zai isa gaban mai ci. Ba ya buƙatar gwaninta mai yawa ko mai mai yawa, kuma karyayyar shinkafar da ba ta da daraja a kasuwa ita ce dai ta fi dacewa da shi.

Turarawar a tukunyar idli ake yi, mai faifai na ƙarfe hawa hawa, bayan an shafa musu mai ko an shimfiɗa ganyen ayaba, wanda yake hana mannewa kuma yake ba da ɗan ƙamshinsa. Sai ruwa ya tafasa ake jera curin, a rufe, a ba shi kamar minti 10. Alamar nuna ita ce farinsa ya dushe ya ɗauki sheƙi, kuma in an taɓa shi da jiƙaƙƙen yatsa ba ya kamawa. Wadda ta bar shi ya zarce, don tsoron kada ya fito ɗanye, za ta same shi ya yi tauri ya tsattsage. Wadda ta ɗauke shi da zafinsa nan take kuma zai ɓare mata a hannu, sai an ba shi minti biyu ko uku ya natsu.

Ranar biki akwai ƙa'idojin da suke ƙara wa aikin nauyi. A gidajen da suke riƙe da al'adar addininsu sosai, musamman na Brahmin, wato ajin malaman addinin Hindu, ba a sa albasa ko tafarnuwa, abin da ya sa perungayam ya sami matsayin da yake da shi. Kuma abincin da za a gabatar a wurin ibadarsu ba a ɗanɗana shi kafin a gabatar, wato mai girki za ta auna gishirin da ido da hannu kurum, ba za ta san ko ta dace ba sai an zauna ci. Kwaɓin da ya rage bayan haɗin ya ƙare ba a zubar da shi, domin israfi abin ƙi ne a wurinsu kamar yadda yake a wurinmu. Akan mulmula shi ƙanana ƙanana kamar 'ya'yan gurjiya, a turara, a juya su a cikin thalippu da kwakwa da garin barkono, ana kiransu ammini kolukattai, kuma sau da yawa yara sun fi ɗokinsu a kan manyan da aka sha wahala a kansu.

A ranakun da ba na biki ba, kolukattai mai gishiri abincin tifin ne, wato ɗan abin da ake ci da safe ko da la'asar, tare da markaɗen kwakwa da barkono, da kofin gahawa mai madara. Kada kuma a ɗauka curin shinkafa na Hindu ne kaɗai. Musulmin Tamil, waɗanda suka kai kusan kashi 6 cikin 100 na mutanen jihar, kuma suke da tsofaffin garuruwa a bakin teku irin su Kayalpatnam da Kilakarai inda fataken Larabawa suka daɗe suna sauka, suna da nasu da suke kira takkadi. Su sukan soya garin shinkafa da kwakwa, su haɗa da albasa da kayan ƙamshi su cura, amma maimakon su ɗora shi a kan tururi sai su jefa shi cikin romon naman rago yana tafasa, ya nuna a ciki ya sha romon, garin da ya zuba daga jikinsa kuma ya kaurara miyar.