Fayil Mai Sifilin Bayit: Wanne Za Ka Goge, Wanne Za Ka Bari?

Daga Takur zuwa Jami'ar Tarayya ta Dutse, matasa da dama a waya suke koyon rubuta manhaja, ta hanyar Termux, suna ajiye aikinsu a GitHub. Idan kana cikinsu, akwai abin da za ka ci karo da shi ba da jimawa ba: fayilolin da babu ko harafi ɗaya a cikinsu.

Daga ina suke fitowa? Wani lokaci yatsa ne ya zame. A Linux, idan ka rubuta alamar > da wani suna a gabanta, nan take za a ƙirƙiri fayil da wannan sunan, idan kuma akwai shi, a share abin da ke ciki. Wani lokaci kuma ma'ajiyar waya ce ta cika, ko batir ya mutu ana tsakiyar ajiya. Sai ka buga git add . ba tare da dubawa ba, ka tura wa abokan aikinka fanko a madadin aikin sati guda.

Ko manyan ba su tsira ba. Tsohuwar manhajar patch takan bar fayil fanko bayan an cire duk layukansa, shi ya sa aka yi mata zaɓin -E don ta riƙa kawar da irinsu.

Sai dai a yi hattara, ba kowane fanko ne shara ba. Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, fayiloli yake bibiya, bai san da folda marar komai ba. Don haka masu manhaja suke jefa .gitkeep a ciki domin foldar ta isa ga kowa. A Python, __init__.py yakan zama fanko, amma shi ke nuna cewa foldar kunshi ce. Haka .nojekyll yake hana GitHub Pages sarrafa shafinka da Jekyll. Goge irin waɗannan na iya lalata aikin da yake tafiya lafiya.

Ga yadda za ka tantance. Fara zaƙulo su:

find . -type f -empty -not -path "./.git/*"

Sannan ka duba tarihin kowanne da git log --stat da sunan fayil ɗin. Idan tun farko fanko ne, kuma babu abin da ya dogara da shi, cire shi da git rm. Idan tarihin ya nuna an share layuka da yawa lokaci guda, to aiki ne ya ɓace. Dawo da shi da git restore --source, umarnin da ya zo a Git 2.23 cikin 2019, ka ba shi lambar ajiyar da ta gabaci ɓarnar.

Rigakafin kuwa ba ya cin data: duba git status da git diff --stat kafin kowace ajiya. Git na iya dawo maka da abin da ka taɓa ba shi ne kawai, don haka ka riƙa ajiya akai-akai.