Kowa Ya Sa Hannu, Ba Wanda Ya Karanta

Gidan haya ne a wata unguwar ma'aikata, a ɗaya daga cikin manyan biranen Arewa. An mai da falon ofis, garejin kuma sito. Allon da ke jikin katanga yana ɗauke da sunan wata ƙungiya da tambarin masu ba ta tallafi, sai dai rana ta cinye fentin. Aikinta a takarda shi ne rage talauci: koya wa zawarawa sana'a, ba su jari, biya wa marayu kuɗin makaranta.

Kullum da hantsi za ka tarar da mata a kan benci ƙarƙashin darbejiya, kowace da fotokofin katinta na ɗan ƙasa a leda. Wata ta cike fom tun kafin azumin bara. Baba mai gadi ne ke amsa musu, amsar kuma ba ta canzawa: Yallaɓai ya tafi Abuja taro, a dawo wani makon. Ba sa faɗa. Sukan yi godiya, su gyara goyo, su nemi kuɗin Adaidaita Sahu na komawa, wanda sau da yawa rance ne.

Ba a rasa mabuƙata ba. Rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 ya nuna mutum miliyan 133 na fama da talauci mai fuskoki da yawa, miliyan 86 daga cikinsu a Arewa. Wannan adadin yana shafin farko na kowace takardar neman tallafi da ofishin ya rubuta, kuma yana kawo kuɗi.

A yi adalci, ƙungiyar ta yi aiki a farkonta. Akwai matan da har yau injin markaɗen da aka ba su ne ke ci da gidajensu. Lokacin kuɗin kaɗan ne, daga aljihun 'yan kasuwar gari yake fitowa, kuma wanda ya bayar yakan biyo ya gani da idonsa. Da tallafin waje ya fara shigowa sai aka sayi mota, aka ƙara ma'aikata, aka koyi rubuta rahoto da Turanci mai santsi. Wanda ya kafa ƙungiyar ya zama babban darakta, ƙanen matarsa ya zama akanta.

A sito ake ganin abin da rahoto ba ya faɗa. Kekunan ɗinki na nan jere cikin kwalayensu, wasu kwalayen damina ta jiƙa gindinsu, tsatsa ta kama kan keken. Idan baƙi za su zo, a fito da su a goge, a zaunar da mata a bayansu a ɗauki hoto, da la'asar a mayar. Mai kula da siton yana da littafinsa, inda yake rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, kuma lissafinsa bai taɓa dacewa da na akanta ba. Babu wanda ya taɓa neman littafin. Haka takardar halartar taron bita: sunaye cike da shafi, rubutun hannu iri ɗaya tun daga sama har ƙasa, gefen kowane suna an dangwala yatsa. Ma'aikatan sun san wanda ya dangwala, domin a bayan ofis aka yi, da tawada ɗaya.

Su ma ma'aikatan suna da nasu ciwon. Albashi kan yi wata biyu ko uku bai fito ba. Ana cire musu kashi 8 cikin 100 na fansho kamar yadda dokar 2014 ta tanada, amma wanda ya duba asusunsa sai ya ga ba a zuba ba. Ba su da bakin magana, aiki ya yi wuya a gari.

To ina kwamitin amintattu? Suna nan, kuma mutanen kirki ne. Akwai mai sarauta, akwai limami, akwai tsohon babban sakatare, akwai ɗan kasuwa da aka ba muƙamin ma'aji, sai wata Hajiya da ta yi ritaya daga shugabancin makarantar 'yan mata. Darakta ne ya bi su gida-gida ya roƙe su su ba da sunansu, don masu tallafi su ga ƙungiyar tana da iyaye. Su kuma sun ɗauki abin a matsayin karramawa. Ba wanda ya zaunar da su ya ce musu a idon doka su ne masu riƙe da dukiyar ƙungiyar, darakta ma'aikacinsu ne.

Tsarin mulkin ƙungiyar ya ce a zauna duk wata uku. Ana zama idan masu tallafi sun nemi bayanin taro. A buɗe da addu'a, darakta ya haska hotuna a bango, ya yi ta bayani har a fara duba agogo. Takardar kuɗi shafi ɗaya ce, a nan teburin ake raba ta, tare da ambulan ɗin kuɗin zama. Cek na buƙatar sa hannun mutum biyu, wannan kuwa an warware shi tuntuni: ma'aji yakan sa hannu a kan wasu fararen cek kafin ya tafi Umara, don kada aiki ya tsaya. Mai binciken kuɗi na shekara darakta ne ke zaɓo shi, shi ke biyansa, shi kuma ake miƙa wa rahoton.

Hajiya ce kaɗai ta taɓa neman a kawo bayanan asusun banki. Ta yi maganar da ladabi, da "ranka ya daɗe" a gaba. Shugaban kwamitin ya yi murmushi, ya tuna mata cewa yaron nan ɗansu ne, kuma zato zunubi. Liman ya ƙara da nasiha kan kyautata wa juna zato. Aka kira azahar, maganar ta tashi a nan. A ganina wannan kunyar ta fi komai cutar da matan da ke kan benci. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mutumin da ya shekara goma ba a taɓa tambayarsa rasit ba, ko da bai shigo da niyyar ci ba, a hankali zai daina bambance aljihunsa da asusun ofis. Darakta ma da "rance" ya fara.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa irin waɗannan ƙungiyoyi kai bayanan harkokinsu ga Hukumar Rajistar Kamfanoni, kuma a lokacin sashe na 839 ya buɗe hanyar dakatar da amintattu a naɗa masu riƙon ƙwarya idan an samu almundahana ko sakaci. Ƙungiyoyin addini da na farar hula sun yi ta ƙorafi a kansa, suna tsoron gwamnati za ta yi amfani da shi ta murƙushe masu sukarta, tsoron kuma ba na banza ba ne. Amma hukumar da ke Abuja ba za ta ƙirga kekunan da ke gareji ba. A Amurka, ƙungiyoyin yaƙi da talauci da suka samo asali daga dokar 1964 dole ne aƙalla kashi ɗaya cikin uku na kujerun kwamitinsu ya zama na wakilan talakawan da ake yi wa aikin. Can ma ana samun ɓarna, amma akwai wanda ya san ko kayan sun isa gida. A nan babu bazawara ko ɗaya da ta taɓa shiga ɗakin taron, sai ranar hoto.

Abin da ya girgiza ofishin daga waje ya zo. Wata jami'ar masu tallafi ta ɗauki takardar taron bita, ta yi ta buga lambobin wayar da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Wasu ba sa shiga, wasu masu su ba su taɓa jin sunan ƙungiyar ba. Aka riƙe kason kuɗi na gaba, aka nemi bincike daga waje. Kwamitin amintattu ya yi taron gaggawa, kowa ya nuna mamaki, aka kafa ƙaramin kwamiti ya bi diddigin kuɗin. Shugabancinsa aka ba ma'aji, mai sa hannu a fararen cek, kuma darakta aka ɗora wa alhakin tattaro masa takardun.