Jidda 1987: Masu neman ƙasa sun koma da alkawarin cin gashin kai

Iyayenmu da dattawan zango, akwai tambayar da ke yawan tasowa a majalisa bayan La'asar. Idan mutanen wani yanki suka ce sun gaji za su ɓalle, dokar ƙasa da ƙasa za ta ba su ƙasarsu? Galibi ba ta bayarwa, kuma wannan birni na Jidda shaida ne.

Musulmin kudancin Filifin, waɗanda ake kira Moro, sun ɗauki makami tun farkon shekarun 1970 a ƙarƙashin ƙungiyar MNLF ta Nur Misuari, suna neman ƙasa tasu. Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, mai hedikwata a nan Jidda, ta tsaya musu, har ta ba su kujerar 'yan kallo a 1977. Amma ba ta taɓa cewa a tsaga Filifin ba. Abin da aka sa wa hannu a birnin Tarabulus na Libiya a 1976 shi ne larduna 13 su yi mulkin kansu a cikin ƙasar. A Janairun 1987 wakilan Shugaba Corazon Aquino suka zauna da Misuari a Jidda, aka amince a ci gaba da magana kan cikakken cin gashin kai, da sharaɗin a bi ra'ayin jama'a. Wannan sharaɗi kuwa ya yi nauyi, domin da aka jefa ƙuri'a a 1989 larduna huɗu kacal suka shiga. Sai a 1996 aka yi sulhu, sannan aka kafa yankin Bangsamoro a 2019, har yau a cikin Filifin.

Dalili shi ne, kundin Majalisar Ɗinkin Duniya ya yarda al'umma ta zaɓi makomarta, amma an fi aiki da wannan wajen korar mulkin mallaka. Bayan haka iyakokin ƙasa yake karewa. Shugabannin Afirka ma sun amince a Alƙahira a 1964 cewa a bar iyaka inda Bature ya bar ta, shi ya sa ƙasashe biyar kaɗai suka amince da Biyafara. Sudan ta Kudu ta samu tata a 2011 ne saboda gwamnatin Sudan ta yarda a yi ƙuri'ar raba gardama.

Muna faɗin wannan ne saboda danginmu na zangunan Ho da Hohoe, inda masu neman ɓallewar Togoland ta Yamma suka tayar da hankali a yankinsu na Bolta a 2020. Majalisar Ɗinkin Duniya da kanta ta sa ido kan ƙuri'ar 1956 da ta haɗa yankin da Gana, kuma fasfon Gana ne ke kawo alhazansu filin jirgin Jidda.