Kalmar "Spray": Daga Teku Zuwa Filin Biki

A bakin teku aka daɗe ana jin kalmar "spray" a Turanci. Rubuce-rubucen farkon ƙarni na 17 sun nuna ma'anarta: tsartuwar ruwan da iska ke kwasowa daga kan igiyar teku ta watsa wa mutanen jirgi a fuska. Yawancin masana na danganta ta da "spraeyen", wata tsohuwar kalma ta mutanen Holan mai nufin watsawa. Ba abin mamaki ba ne, domin a wancan zamani 'yan Holan ne sarakunan fataucin ruwa, kuma a wurinsu Ingilishi ya aro kalmomin jirgi irin su "yacht" da "skipper". Akwai wata "spray" ɗin da ta girme ta, mai nufin ɗan reshe da furanninsa, amma ƙamusoshi suna raba su. Suna ne kawai ya zo ɗaya.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda kalmar ta bar hannun iska ta koma hannun ɗan Adam. A shekarun 1880, masanin tsirrai Millardet ya haɗa maganin tagulla da farar ƙasa don ceto gonakin inabi na Bordeaux a Faransa daga cuta, sai feshi ya zama aikin manomi. A 1927 Erik Rotheim na Norway ya yi rajistar gwangwanin da ke fesa abin da ke cikinsa da ƙarfin iskar gas. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, Goodhue da Sullivan na Amurka suka gyara dabarar don kare sojoji daga sauro da zazzaɓin cizonsa. Daga nan turare da fenti suka bi sahu, har gwangwanin kansa ya gaji sunan.

Najeriya ma ta ƙara mata ma'ana. A Turancinmu, wanda ya yi "spraying" a wurin biki liƙi ya yi, wato ya yi wa amarya ko makaɗi ruwan kuɗi. Wanda ya fara faɗin haka ya iya kallo, don takardun kan tashi sama su warwatsu kafin su sauko. Ma'anar ta kafu har ta shiga doka: sashe na 21 na Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya ambaci kalmar ƙarara, ya kuma tanadi ɗaurin aƙalla wata 6 ko tarar aƙalla Naira 50,000 ga mai wulaƙanta Naira ta wannan hanya.