Matsalar Uwar Garke Bayan Sabuntawa da Makomar Baƙaƙe Masu Lanƙwasa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana dalilin da ke sa shafin intanet ya daina aiki bayan an sabunta manhajojinsa, da kuma yadda lamarin ya shafi rubutun Hausa.

A ɗauka wata makaranta a Anka ko Gummi ko Bukkuyum tana da shafin da ɗalibai ke duba sakamakon jarrabawa. Shafin yana zaune ne a kan wata kwamfuta da ake kira uwar garke, wadda manhajar Apache ke gudanarwa. Galibin irin waɗannan shafuka da harshen PHP aka rubuta su, harshen da Rasmus Lerdorf ya fitar a 1995. Ita Apache ba ta jin wannan harshe; sai an haɗa ta da wani mahaɗi da zai yi mata tafinta.

To, wanda ya tashi daga Ubuntu 20.04 ya koma 22.04, ya bar PHP 7.4 ke nan ya koma 8.1. Tsohon tafinta ya tafi, amma sunansa na nan a cikin tsarin Apache, don haka sai ta ƙi tashi. Mafi muni shi ne a cire tsohon ba a naɗa sabon ba, domin a nan uwar garke kan miƙa wa kowane baƙo ainihin rubutun umarnin, wani lokaci har da kalmar sirrin rumbun bayanai. Gyaran kuwa ba wuya: a kashe tsohon da umarnin a2dismod php7.4, a kunna sabon da a2enmod php8.1, sannan a sake tayar da Apache.

Abin da ya fi damun ɗalibin Hausa yana gaba. A tsarin UTF-8, kowane ɗaya daga ɓ da ɗ da ƙ gurbi biyu yake ci, alhali tsohon tsarin latin1 bai ma san da su ba. Da yawa an ajiye rubutun Hausa a rumbun MySQL ƙarƙashin latin1, ba a lura ba, don yadda ya shiga haka yake fitowa. Amma MySQL 8.0 ta 2018 ta mayar da utf8mb4 tsarinta na asali, sai ta riƙa fassara kowane gurbi daban: "ƙasa" ta zama "Æ™asa".

Mai gaggawa yakan goge lanƙwasar gaba ɗaya. A ganina wannan ɓarna ce, domin "baƙi" ba "baki" ba ne, kuma Baƙo da aka rubuta Bako a takardar sakamako yana iya shan wahala a ofis. Abin da ya dace shi ne a fara kwafe rumbun a adana, a mayar da ginshiƙin rubutun zuwa tsurar lambobi, daga nan a shelanta shi utf8mb4. Baƙaƙen ba su lalace ba tun farko, karatunsu aka sauya.