Koyar da Ilmin Ƙididdiga ga Ɗaliban Digiri na Biyu a Fannin Kasuwanci

Gabatarwa

Da wuya a sami jami'ar da ke ba da digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, wato MBA, wadda ba ta wajabta wa ɗalibanta darasin ƙididdiga ba. Da wuya kuma a sami darasin da ɗaliban ke shakka kamarsa. Galibinsu ba yara ba ne. Akwai ma'aikatan banki da akantoci da manajojin kamfanoni, waɗanda sun daɗe rabonsu da lissafin makaranta, kuma ba su dawo aji don su zama masana lissafi ba. Bukatarsu ita ce su san yadda za su yanke shawara a kan kuɗi da kaya alhali ba su san abin da gobe za ta zo da shi ba. A wannan takarda za mu duba wata hanyar koyarwa da ta samo asali a Makarantar Kasuwanci ta Jami'ar Harvard da ke Amurka, wadda ke fara darasi daga shawarar da za a yanke, sannan ta kawo lissafi daga baya.

Asalin hanyar

Robert Schlaifer, wanda aka haifa a 1914 ya rasu a 1994, ba lissafi ya karanta ba. Digirinsa na uku a kan tarihin mutanen dā ya yi shi. A shekarun 1950, yana koyarwa a Harvard, aka ɗora masa darasin ƙididdiga, sai ya zauna ya koya wa kansa daga littattafan da ake da su. Abin da ya tarar shi ne hanyoyin da aka tsara domin masu binciken kimiyya da aikin gona. A cikinsu akwai al'adar da ta bazu bayan littafin Ronald Fisher na 1925, cewa ana ɗaukar sakamakon gwaji da muhimmanci idan ya kasance irin wanda sa'a kaɗai ba za ta kawo shi ba sai ƙasa da sau 5 cikin 100. Wannan ma'auni yana da amfaninsa ga mai bincike, domin shi yana iya cewa hujja ba ta isa ba tukuna, ya koma ya ƙara gwaji. Manaja ba shi da wannan sararin. Ko ya sayi kayan ko bai saya ba, ya riga ya yanke shawara, kuma ma'aunin 5 cikin 100 bai tambaye shi nawa zai yi asara idan ya kuskure ba.

A 1959 Schlaifer ya wallafa littafin koyarwa a kan yiwuwa da ƙididdiga domin shawarwarin kasuwanci. Bayan shekara biyu, a 1961, shi da Howard Raiffa, masanin lissafi da ya zo Harvard a 1957, suka fitar da wani mai zurfi. Lokacin ma ya taimake su, domin a 1959 ɗin ne Gidauniyar Ford da ta Carnegie suka fitar da rahotanni biyu da suka soki makarantun kasuwanci na Amurka da raunin ilmi, suka nemi a ƙarfafa lissafi a cikinsu.

Misalin mai gidan burodi

Hanyar ba ta fita sosai sai da misali. Ga wani wanda malami zai iya kawowa a ranar farko; alƙalumansa na koyarwa ne kawai. Mai gidan burodi yana kashe sefa 100 a kan kowane burodi, ya sayar 150. Ribarsa 50 ke nan idan ya sayar, asararsa kuma 100 idan burodin ya kwana, domin ba mai saye. Daga littafinsa na kwana 100 an ga cewa a kwana 20 mutane sun nemi burodi 200, a kwana 50 sun nemi 300, a kwana 30 kuma sun nemi 400. Tambaya: nawa zai riƙa gasawa kullum?

Ɗalibin da ya saba da tsohuwar hanya zai yi wuf ya fitar da matsakaicin adadi, wato 310, ya ce shi ke nan. Malami sai ya ce a bi kowane zaɓi a ga ƙarshensa. Idan ya gasa 200, kullum zai sayar duka, ya sami 10,000. Idan ya gasa 300, a ranakun da kasuwa ta yi sanyi ribar 10,000 da asarar 10,000 za su cinye juna ya tashi ba komai, amma a sauran kwana 80 zai sami 15,000; idan aka raba a kan kwana 100, ya kama 12,000 a rana. Idan kuwa ya gasa 400, zai yi asarar 10,000 a kwana 20, ya sami 5,000 a kwana 50, ya sami 20,000 a kwana 30, abin da ya kama 6,500 kacal a rana. Saboda haka 300 ya fi.

Yanzu sai malami ya sauya abu ɗaya. A ce ya sami mai saye da zai karɓi kwanannen burodi a kan 90, ta yadda asarar ta koma 10. Littafin ciniki bai sauya ba, matsakaicin adadi yana nan a 310. Amma idan aka sake lissafi, gasa 300 zai ba shi 13,800 a rana, gasa 400 kuma 14,600. Shawara ta juya. A nan ne ɗalibi ke gane cewa alƙaluma su kaɗai ba sa faɗa wa mutum abin da zai yi, sai an haɗa su da tsadar kuskure ta kowane ɓangare: tsadar yin kaya fiye da bukata, da tsadar mayar da mai saye hannu rabbana.

Akwai tambaya ta uku, wadda a ganina ita ce mafi daraja a duk darasin. A ce wani ya zo wa mai burodi da alkawarin zai riƙa gaya masa tun da dare, ba kuskure, yawan da za a nema gobe. Nawa ya cancanci ya biya shi? A yanayi na farko, da wannan sani zai sami 10,000 a kwana 20, da 15,000 a kwana 50, da 20,000 a kwana 30, wato 15,500 a rana. Ba tare da sanin ba yana samun 12,000. Bambancin 3,500 ne, kuma shi ne iyakar darajar labarin, komai ingancinsa. Kamfanoni suna biyan maƙudan kuɗi ga masu binciken kasuwa ba tare da sun yi wannan ɗan lissafi ba. Manajan da ya koye shi zai riƙa tambaya kafin ya sa hannu: idan sakamakon binciken ya fito haka ko haka, shin zai sa in sauya abin da na yi niyya? Idan amsar a'a ce, binciken ba shi da amfani gare shi ko da kyauta ne.

Ɗalibi mai lura, musamman wanda ya taɓa tsayawa a kanti, zai iya ɗaga hannu ya ce littafin mai burodi ciniki yake nunawa, ba bukata ba. Ranar da kaya suka ƙare da hantsi, ba wanda ya rubuta mutanen da suka zo suka koma. Wannan gaskiya ce, kuma ya kamata malami ya tsaya a kanta, ko da za ta ci sauran lokacin darasin.

Daga wannan misali ake wucewa zuwa zanen da ake kira bishiyar shawara, inda kowane reshe ke nuna zaɓi ko abin da ka iya faruwa, sannan ka'idar Bayes, wadda ke nuna yadda mutum zai gyara ƙiyasinsa na farko idan sabon bayani ya zo. Ɗaukar samfuri da auna dangantaka tsakanin abubuwa biyu, kamar talla da ciniki, duk suna zuwa bayan ɗalibi ya ga dalilin bukatarsu.

Tarkuna biyu

Darasin ƙididdiga yana da tarihin kurakurai na gaske, kuma ɗalibai sun fi riƙe su fiye da ƙa'idoji. A 1933 Horace Secrist, farfesan ƙididdiga a Jami'ar Northwestern, ya wallafa babban littafi bayan dogon bincike a kan alƙaluman kantuna da sauran kamfanonin Amurka. Ya lura cewa waɗanda suka fi riba a farko ribarsu tana raguwa daga baya, waɗanda ke ƙasa kuma suna ɗagowa, sai ya yanke cewa gasar kasuwa tana tura kowa zuwa tsaka-tsaki. Harold Hotelling ya nuna cewa abin da ya gani sakamakon lissafi ne kawai. Duk wanda ya zo na ɗaya a wata shekara, akwai hannun sa'a a cikin nasararsa, sa'a kuwa ba ta zama wuri ɗaya. Francis Galton ya riga ya bayyana wannan tun a 1886, a bincikensa kan tsayin iyaye da 'ya'yansu. Amfanin labarin ga manaja a fili yake. Idan ya tsawata wa reshen da ya fi kowa faɗuwa, ya ga ya gyaru a wata na gaba, bai kamata ya yi saurin yaba wa tsawarsa ba.

Na biyu shi ne na kamfanin Coca-Cola a 1985. Kamfanin ya yi gwajin ɗanɗano da mutane kusan 200,000, aka ga sun fi son sabon haɗi, sai ya janye tsohon a watan Afrilu. Masu saye suka yi ca, kuma kafin wata uku ya cika aka dawo da tsohon a watan Yuli. Samfurin ba ƙarami ba ne. Matsalar ita ce kurɓa ɗaya a kofin da ba suna ba ta nuna yadda mutane za su ji idan aka raba su da abin da suka saba da shi.

Sukar da ake yi wa hanyar

Mai burodi yana da littafin kwana 100. To, kamfanin da zai fito da sabon kaya fa, wanda ba a taɓa sayarwa ba? Schlaifer da Raiffa sun ce manaja ya sa adadi a kan abin da yake zato, ya yi aiki da shi. A nan ne masu suka suka fi matsawa, kuma suna da hujja. Raiffa da kansa, tare da Marc Alpert, ya gwada ɗaliban Harvard a ƙarshen shekarun 1960. An nemi su ƙiyasta wasu adadi, su ba da iyaka ta ƙasa da ta sama wadda suke da tabbacin kashi 98 cikin 100 cewa amsar tana ciki. Da ƙiyasinsu daidai ne, sau 2 cikin 100 kawai amsar za ta fita waje. Sai ga shi ta fita kusan sau 40 cikin 100. Ayyukan Amos Tversky da Daniel Kahneman, musamman maƙalarsu ta 1974, sun ƙara nuna cewa zaton ɗan Adam yana karkata ta hanyoyin da ake iya hasashe. Malamai da yawa suna maimaita wannan gwaji a aji da tambayoyi goma, kuma yakan fi wa'azin awa guda tasiri, domin kowa da hannunsa ya rubuta amsarsa.

Suka ta biyu ta shafi jari. Lissafin matsakaicin riba yana da ma'ana ga wanda zai maimaita harka sau ɗari, ya jure ranakun asara. Wanda faɗuwa ɗaya za ta karya masa jari yana da dalilin zaɓen riba kaɗan mai tabbas, kuma ba tsoro ba ne. Dole malami ya faɗi wannan, in ba haka ba ɗalibai su fita da tunanin cewa adadi mafi girma ne kullum daidai.

Kwamfuta da jarrabawa

A zamanin Schlaifer lissafin kansa yana cin lokaci. Yau Excel da SPSS da R, wanda kyauta ne, suna fitar da amsa nan take, har ma wadda ba ta da ma'ana. Wannan ya sa nauyin malami ya koma kan fassara. Ƙungiyar Masana Ƙididdiga ta Amurka ta fitar da sanarwa a 2016 tana gargaɗi cewa kada a ɗora shawarar kimiyya ko ta kasuwanci ko ta hukuma a kan tsallake ma'auni irin na 5 cikin 100 kaɗai, wanda kusan shi ne ƙorafin da Schlaifer ya yi fiye da shekara hamsin kafin nan.

Jarrabawa ma sai ta bi wannan tsari. Maimakon a ce ɗalibi ya haddace ƙa'ida, a ba shi alƙaluman wani kamfani, da gangan a bar giɓi da kurakurai a ciki, a ce ya rubuta wa shugaban kamfanin shafi ɗaya. A shafin ya faɗi shawarar da yake bayarwa, da abin da za a yi asara idan ta zama kuskure, da bayanin da zai sa ya sauya ra'ayi. Lissafin ya biyo baya a rataye, ga mai son dubawa. Gyaran irin wannan takarda ya fi na tambayoyin zaɓi wahala nesa ba kusa ba, musamman a ajin da ya haura mutum ɗari, shi ya sa wasu malamai ke raba ɗalibai rukuni-rukuni na mutum huɗu ko biyar, sannan ranar gabatarwa su zaɓi wanda suka ga dama a cikin rukunin ya tashi ya kare shawarar.