Na'urar PET mai hango jiki duka: masana na neman hanyar karya farashinta

A watan Nuwamban 2018 ne masana na jami'ar Kaliforniya da ke Davis, a Amurka, suka nuna hotunan farko na wata na'ura mai suna EXPLORER, wadda ke ɗaukar hoton cikin jikin mutum tun daga kai har tafin ƙafa a lokaci guda. Likitocin cutar daji sun yi marhabin da ita, amma farashinta ya kai wajen dalar Amurka miliyan 10, wato sama da miliyar 5 na kuɗin sefa. Tun daga lokacin, tambayar da ke gaban masu bincike ita ce: ta yaya za a ƙera irinta da kuɗin da asibitoci za su iya biya?

Yadda take aiki

Hoton radiyo da na sikana suna nuna siffar gaɓoɓi ne. Shi kuwa hoton PET aikin da ke gudana a cikinsu yake nunawa. Ana yi wa marar lafiya allurar wani nau'in sukari da aka haɗa da sinadarin fulor-18 mai fitar da tururi. Da yake ƙwayoyin cutar daji sun fi lafiyayyu cin sukari, maganin kan taru a inda suke. Sinadarin yana sakin wata ƙwaya da ake kira fozitiron, wadda da ta haɗu da lantarkin da ke cikin nama sai su rikiɗe su zama haske biyu, ɗaya ya yi nan, ɗaya ya yi can. Zoben da ke kewaye da marar lafiya ya cafke su, kwamfuta kuma ta lissafa wurin da suka fito. Da haka likita ke gane ko cutar ta bazu, da kuma ko maganin da ake bayarwa yana ci.

Matsalar ita ce zoben na'urorin da aka saba da su bai wuce santimita 15 zuwa 30 ba, don haka hasken da suke kamawa bai kai kashi 1 cikin 100 na wanda jiki ke fitarwa ba. Simon Cherry da Ramsey Badawi, waɗanda suka jagoranci aikin EXPLORER da tallafin dala miliyan 15.5 daga cibiyar binciken lafiya ta Amurka a 2015, sun tsawaita zoben zuwa santimita 194. Kamfanin United Imaging na birnin Shanghai ne ya ƙera ta. Ƙarfin ganinta ya ninka na sauran kusan sau 40. Ke nan za a iya gama hoto cikin ƙasa da minti guda, ko a rage yawan maganin allurar, abin da ke da muhimmanci ga yara.

Inda kuɗin ke tafiya

Babban abin da ke cinye kuɗin shi ne ƴan ƙananan duwatsun ƙarau da ke walƙiya idan hasken ya buge su. Ana yin su da lutisiyom, ma'adini mai wuyar samu, kuma EXPLORER na ɗauke da fiye da 560,000. Duk tsawon da aka ƙara wa na'ura, sai an ƙara duwatsu.

A jami'ar Jagiellonian da ke Krakow a ƙasar Folan, tawagar Farfesa Pawel Moskal ta maye gurbin duwatsun da dogayen sandunan roba ta musamman. Na'urar tasu, J-PET, tana da samfurin da nauyinsa bai wuce kilo 60 ba, wanda aka gwada a kan marasa lafiya a birnin Warsaw a 2022. Roba tana da araha ƙwarai, sai dai haske da yawa na ratsa ta ya wuce, shi ya sa ake tunanin jera ta hawa-hawa.

A jami'ar Ghent ta Beljiyam kuwa, Farfesa Stefaan Vandenberghe da abokan aikinsa sun ajiye batun zobe da gado. Suna aiki kan alluna biyu a tsaye, marar lafiya ya shiga tsakaninsu ya tsaya kamar daƙiƙa 30. Da yake allunan na kusa da jiki, duwatsun da ake buƙata sun ragu, kuma za a iya duba mutane da yawa a rana. Wasu masanan na komawa ga wani tsohon dutse mai araha da ake kira BGO, wasu na barin giɓi tsakanin zobba su bar wa kwamfuta aikin cike hoton. Yawancin waɗannan dabaru har yanzu suna matakin gwaji.

Maganin da ba ya jira

Ko da na'ura ta yi araha, akwai sauran rina a kaba. Fulor-18 ba daga uraniyom ake samunsa ba, wani inji ne mai suna sikolotiron ke samar da shi, kuma ƙarfinsa na raguwa da rabi duk minti 110. Maganin da aka haɗa a Yamai, in ya yi awa 10 a hanya, abin da zai rage bai kai kashi 3 cikin 100 ba. A nan ne ƙarfin ganin doguwar na'ura ke da amfani ga ƙasa mai faɗi: tana iya fitar da hoto da ɗan abin da ya saura, ta yadda inji guda zai iya wadatar da asibitoci masu nisa.

A Nijar, cibiyar yaƙi da cutar daji ta ƙasa da ke Yamai ta fara gashin cutar da tururi a 2021, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya, kuma ƙasar na cikin na farko da suka shiga shirin hukumar na Rays of Hope a 2022. Gashi yana buƙatar a san iyakar inda cutar ta kai, aikin da hoton PET ya ƙware a kai. Kafin a kai ga haka, bayan kuɗin na'ura, sai an tanadi wutar lantarki marar yankewa, da ƙwararrun masu haɗa maganin, da masu gyara idan ta lalace.